Riƙon Ƙwai a Tsibirin Dumbara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, ya ba kowane mai rai ƙofar shigowa duniya, ya kuma sanya wa ƙofar lokacinta. Gare shi godiya take, a tudu da cikin teku. Bayan haka, ga labarin tafiyata, ni Kubura ungozoma, mutuniyar Gangaren Maje a ƙasar Dankuma. Zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi. Inda ban tabbatar ba, zan ce ban tabbatar ba.

Ina da 'ya, ita ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma zan fara a nan ba. Sau biyu ta zo gida haihuwa, sau biyu ɗan yana zuwa a gicciye, muka fito daga ɗakin ba a ji kuka ba. A na biyun da ƙyar ita kanta ta tashi. Na karɓi haihuwar rabin garinmu, amma abin da ya sami 'yar cikina ya fi ƙarfin hannuna. Da na ga alamar ciki na uku a fuskarta, tun kafin ta gaya wa mijinta, sai na ɗaure kayana. Fatake sun sha ba ni labarin wani birni, Zarkuna, can bayan Tekun Balaza, inda tsofaffin mata suka iya juya ɗa yana cikin uwarsa da tafin hannu kawai. Na ce wa mutanen gida zan je in koyo, in dawo kafin watanta ya kama. Ita kuwa yarinyar ta ƙulla mini ƙuliƙuli da yaji a tsumma, ta ajiye a bakin ƙofa.

Ayarinmu ya ratsa Filin Madubi, inda gishiri ya kwanta fari fat da ruwa kaɗan a kansa, sama ta sauko ta zauna a ƙasa. Mutum yana ganin rana biyu, ɗaya bisa kansa ɗaya ƙarƙashin ƙafarsa, ya yi ta zagaye wuri ɗaya har ƙishirwa ta kayar da shi. Madugu ya sa kowa ya ɗaure idonsa, ya riƙe wutsiyar jakin da ke gabansa. Jaki ba ruwansa da kyan sama, ƙanshin ciyawa yake bi. Haka muka fita.

A garin Tulluwa kuma aka tsare ni. Ungozomarsu ta rasu, sun kafa doka duk ungozomar da ta shigo ba ta fita. Na yi kwanaki ina nuna wa wasu mata biyu abin da na iya. Sannan na je gaban mai gari na ce na yarda zan zauna, amma da al'adar ƙasarmu: duk namijin da na karɓi haihuwar matarsa, shi zai riƙa wanke zannuwan jego a rafi, a gaban kowa, har a yi arba'in. Mai gari yana da mata biyu masu ciki. Washegari da kansa ya raka ni bakin hanya, da guzuri.

A Zarkuna na faɗa hannun wata tsohuwa makauniya, Zabba'u. Ba ta bar ni na taɓa mace ba sai da na daɗe ina juya kabewa a cikin jiƙaƙƙiyar salka. In na yi gaggawa sai ta buge mini hannu da muciya.

"Kafin ki juya, ki saurara da hannunki," in ji ta. "Ki san me yake riƙe da shi a ciki."

Da ta yarda da hannuna ta sallame ni. Na ga lokaci ya ja, sai na shiga jirgin ruwa, don an ce ya fi ayari sauri. Muna tsakiyar teku iska ta taso, ta kora mu kan wasu duwatsu masu tsini da suka yi da'ira a cikin ruwa. Jirgin ya tsage. Na rungumi wani katako, ruwa ya tofar da ni a kan rairayi. Sauran mutanen jirgi ruwa ya kai su wani gefe, daga baya na same su da rai, ban da mutum biyu, Allah ya ji ƙansu.

Ina zaune ina amayar da ruwan gishiri sai na ji murya daga kan tudu.

"Ke ta cikin ruwa, mutum ce ko kifi?"

Wata mata ce gajera mai ƙiba, da akushi a kanta. Na ce mutum ce.

"To tsaya inda kike. In kika matso zan gudu da tuwon."

Sunanta Dudu. Ta ajiye akushin a kan dutse, ta koma nesa ta zauna, muka yi ta magana da ƙarfi kamar masu faɗa. Ta ce tsibirin sunansa Dumbara, kuma duk baƙon da ruwa ya kawo a bakin ruwa yake zama sai sabon wata ya tsaya, domin wani jirgi ya taɓa kawo musu ciwo da gafiya.

"Ciwon ya tafi," in ji ta. "Gafiyar ta zauna, har ta ga jikoki."

Na tambaye ta yaushe jirgi zai tashi zuwa babbar ƙasa. Ta fara dariya, sai kuma ta daina. Ta ce duwatsun nan da suka fasa jirginmu ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Kowace shekara suna gusawa, kuma ƙofa ɗaya tak suke bari. Ba mai gane ƙofar sai 'ya'yan kififiyar teku, wato kunkurun ruwa. Ranar da suka fito daga ƙwai suka shiga ruwa, kwalekwale yakan bi su, a kafa gora a kan hanyar, a yi ta shiga da fita har shekara ta juyo.

"Yaushe za su fito?" na ce.

"Baƙuwa, yaran da aka haifa shekarar da muka ga na ƙarshe, yanzu su ke ɗebo mana ruwa."

Na lissafa watannin yarinyar a zuciyata, na ga saura kamar uku. Tuwon nan ban iya cinsa ba.

Na yi makwanci a bayan wani dutse. Wata rana na tashi sallar asuba sai na ji numfashi kusa da ni, irin na mai naƙuda. Na leƙa. Kififiya ce, faɗinta ya kai ƙofar ɗaki, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya tana zuba ƙwai, farare, zagayayyu, masu laushin ɓawo. Ruwa yana bin gefen idonta. Mutanen tsibirin suna cewa kukan rabuwa take yi, ni ban tabbatar ba. Na zauna nesa kaɗan yadda nake zama kusa da kowace mace a irin wannan hali, na ce mata sannu. Da ta gama ta mayar da rairayi, ta daddanna shi da ƙirjinta, ta watsa wani a kai don ɓatar da sawu. Sannan ta ja jiki ta shiga ruwa ba ta waiwayo ba.

Rana ba ta ɗaga ba gafiya ta zo tana shinshina. Na jefe ta. Can sai ga guza yana lasar iska da harshe, shi sai da na ɗauki sanda. Na ga abin ba na jifa ba ne. Na tattaro gorar da ruwa ya kawo daga jirginmu, na kafa ta da zurfi na zagaye gurbin, na tara ƙaya da duwatsu a gindi, na shimfiɗa wata tsohuwar raga a sama. Ba don wata hikima na yi ba. Haihuwa aka yi a gabana, kuma ban saba tashi in bar abin da aka haifa a gabana ba. Na zuba ido uwar ta dawo ta yi kwanci. Ba ta dawo ba, ran nan ko wata rana.

Da wata ya tsaya Dudu ta sauko ta kama hannuna, sai idonta ya faɗa kan shingen.

"Me kika ɓoye a nan, Yaya? Miji ruwa ya kawo miki?"

Na gaya mata. Ta dafe kai.

"Tun yaushe? Kika bar marayu a rairayi duk kwanakin nan? Kada ki gaya wa kowa. A'a, ki gaya. A'a, bari mu ci abinci tukuna."

A hanya ta yi mini bayani, da na shiga gari kuma na gani da idona. Mutanen Dumbara asalinsu daga tudu suke, kakanninsu da akurki suka ƙetaro. Ban taɓa ganin garin da ya kai shi kaji da zabi ba. Da gafiya ta fara tone gurbin kififiya, duk wanda aka bari a rairayi kafin gari ya waye an cinye shi, sai mata suka ce ba za su zuba ido ba. Suka riƙa kwaso ƙwan zuwa gida, ana raba wa kowace mace nata, kamar yadda ake raba riƙon marayu. Kowane ɗaki akwai ƙwarya cike da rairayi a gefen gado. To kowa a garin nan ya san kaza takan juya ƙwanta da baki, ƙwan da ba a juya ba kuma ba ya ƙyanƙyashewa. Don haka safe da yamma mata suke durƙusawa suna juya ƙwan kififiya ɗaya bayan ɗaya, sun ɗiga wa kowanne gawayi don kada a tsallake wani, suna yi masa waƙar reno. In lokaci ya cika sai ƙwaryar ta ɗauki wari. Su binne baragurbin, su yi zaman makoki, su jira wata shekara.

"Ni har ƙarƙashin kaza na taɓa sawa," in ji Dudu. "Kazar ta dube ni, ta tashi ta bar gidan."

Shugabar matan ita ce Iya Tamadi, Uwar Riƙo, doguwar tsohuwa mai ƙarancin magana. Ƙwaryarta ta fi ta kowa yawa. Ɗanta ɗaya tilo ya fita fatauci shekarar da ƙofa ta rufe, yana can babbar ƙasa, ba ta san ko yana da rai ba. Mutanen jirginmu sun riga ni shiga gari, sun ba da labarin abin da na je koya, don haka da guɗa aka tarbe ni. Iya Tamadi ta riƙe hannuwana tana duba su.

"Mun daɗe muna zargin hannunmu ne bai iya juyi ba," ta ce. "Ga shi Allah ya kawo mai ilimin juyi har gida. Ki koya mana."

Na ce kafin in koya wani abu, a ba ni ƙwai ɗaya da ya lalace. Aka kawo. Na fita da shi rana na buɗe a hankali. Ga ɗan abu kamar ƙwayar dawa, da siraran jijiyoyin jini da suka taɓa manne shi a saman ɓawon daga ciki, yadda mabiyiya take manne a cikin mace. Jijiyoyin sun tsinke. Na buɗe na biyu, na uku, duk haka.

Da la'asar mata suka taru a gindin wata bishiya, Sarkin Ruwa Mantau yana gefe a kan kwalekwalensa da ya kife. Na faɗi abin da na gani. Na ce ina tsammanin ɗan kififiya yana kama saman ɓawo tun kwanakin farko, juyin ne yake tsinke shi. Na ce uwar ba ta juyawa, don na zauna na jira ta. Sannan na faɗi maganar gurbin da na killace.

Wurin ya ɗauki hayaniya. Iya Tamadi ta ɗaga hannu.

"Kin ƙetare duniya kin koyo juyi," ta ce, "kin zo kina hana mu juyi."

"Wadda ta koya mini ta fi dukana a kan juyin da bai kamata ba, Iya."

"Kina nufin da hannunmu muke kashe su?"

Wata daga baya ta ce, "Ƙwan kaza ma ta taɓa gani kuwa?" Wata ta ce ai uwar da ta zubar da 'ya'yanta ta tafi ba abar koyi ba ce.

"Dokarmu ba ta da wuya," in ji Iya Tamadi. "Ƙwai a ɗakin uwar riƙo yake kwana. Gobe a kwaso su."

"To ki ba ni riƙonsu, Iya."

"Na ba ki. Wane ɗaki za a sauke ki?"

"Ina da ɗaki. Na riga na kafa shi a bakin ruwa, ƙwan kuma suna cikinsa."

Sarkin Ruwa ya yi tari don ɓoye dariya.

"Ɗaki ba rufi?" in ji Iya Tamadi.

"Akwai raga."

"Tamadi," Mantau ya ce, "doka ta ce ɗaki, ba ta ce jinka ba. Ni dai kwalekwalena ya kusa tsiro da ganye. Gurbi ɗaya ne, kuna da ɗari."

"Juyin fa?" ta tambaye ni.

"Ku kuka ce ni na san juyi. In lokacinsa ya yi zan juya."

"Yaushe ne lokacin?"

"Ban gan shi ba tukuna."

Sai ta ce in sun lalace, zan ɗauki ƙwarya in durƙusa safe da yamma kamar kowa, har ƙarshen raina. Na ce na ji.

Na koma bakin ruwa. Aikin ba shi da daɗin labari. Gafiya takan haƙo ta ƙasa in toshe, guza yakan zo da tsakar rana lokacin da barci yake ɗibata, kaguwa kuma ta ko'ina take shigowa. Dudu takan kawo tuwo da labarin gari.

"Sun sa miki suna," ta ce. "Mai reno da ido."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ai ni ma haka mijina yake noma."

Ni kuwa kullum ina kallon rairayin da bai nuna komai ba. Ban san ko akwai rai a ƙarƙashinsa ba, ko tuni ya zama abin da nake gani a ƙwaryar mata. Hannuna yakan yi mini ƙaiƙayi in tona in duba. Sai in zauna a kan hannun. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ina lissafin yadda cikin yarinyar ya kai.

Wata la'asar sama ta yi baƙi, teku ta cika ta wuce iyakarta. Igiyar ruwa ta fara lasar gindin shingen. Ina ƙoƙarin tara duwatsu ni kaɗai sai ga mata sun gangaro daga tudu da ƙorai, Iya Tamadi a gaba.

"Tashi daga ƙofar nan," ta ce. "Ko kin yi gaskiya ko ba ki yi ba, ruwa zai cinye su kafin magariba. A ƙwarya aƙalla ba za su nitse ba."

"In aka ɗaga su yanzu ban san abin da zai faru ba, Iya."

"In aka bar su na sani."

Ba zan yi kokawa da sa'ar mahaifiyata ba. Na matsa. Ta ɗage ragar, ta durƙusa, ta tura hannu cikin rairayi har gwiwar hannu. Sai ta tsaya. Ruwa ya zo ya jiƙa mata zane ba ta motsa ba.

"Akwai ɗumi," ta ce a hankali.

"Zafin rana ne, Iya," wata ta ce.

"Na san zafin rana. Daga ƙasa yake tasowa." Ta rufe ido. "Wani abu ya taɓa mini yatsa."

Shekaru tana tura hannu a ƙwarya safe da yamma, sanyi kawai take tararwa. Ta zaro hannun sannu a hankali, ta mayar da rairayin, ta lallaɓa shi. Da ta miƙe muryarta ta dawo.

"Ku ajiye ƙoran nan. Ku kawo kwanduna, ku cika da duwatsu. Dudu, kira maza, ki ce su zo da ƙofofin gidajensu."

Aka jera kwanduna tsakanin gurbin da teku, aka kafa ƙofofi a bayansu, mata suka jingina da su da kafaɗa. Ruwa yakan zo ya buge mu har wuya, ya koma, ya dawo. Dudu tana gefena tana zagin teku da iyayenta. Ɗan ruwa ya tsallako, amma bai kwanta a kan gurbin ba. Kafin duhu ya yi teku ta fara ja da baya.

Daga ran nan ban sake tsaro ni kaɗai ba. Mantau ya juyo da kwalekwalensa ya toshe tsagunsa da ƙaro, ya ajiye shi a bakin ruwa da gora a ciki.

Bayan 'yan kwanaki, gari yana wayewa, rairayin ya faɗa ciki kamar tukunyar da aka ɗebi tuwo. Wani ɗan kai baƙi ya leƙo. Sai wani. Sai wurin ya tafasa. Kowanne bai kai tafin hannun yaro ba, suna hawa kan juna suna faɗowa. Muka cire gorar da ke fuskantar ruwa. Mata suka yi ca, kowace ta miƙa hannu za ta ɗauki nata ta kai shi ruwa, wasu har sun buɗe bakin zane.

"Ku janye hannuwanku," in ji Iya Tamadi.

"Hankaki, Iya. Dubi sama," in ji wata.

"Na gan su. Hankaki za ku kora. Waɗannan ku bar su su taka da ƙafarsu."

Mata suka yi layi biyu daga gurbin har bakin ruwa, suka kwance mayafai suna kaɗawa bisa kai. 'Ya'yan kififiya suka bi tsakiya. Ba duka suka kai ba. Hankaka ya sure ɗaya a gaban idona, kaguwa ta ja wani cikin raminta, wani kuma ya kife, sai da Dudu ta durƙusa ta yi ta roƙonsa har ya juyo da kansa. Amma mafi yawa sun taɓa ruwa.

"Baiwar Allah, shigo," Mantau ya kira ni. "Ba sa jiran sallama."

Na waiwaya. Iya Tamadi tana tsaye da jiƙaƙƙen mayafi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Na karɓi riƙon," ta ce. "Je ki ga taki."

Dudu ta cusa mini dafaffen ƙwan zabo a ƙugu. "Waɗannan kina iya juyawa," ta ce, tana goge hanci.

Ruwan safiya garau yake. Ƙoƙon bayan 'ya'yan kififiya yana ɗaukar rana kamar jan ƙarfe, muka bi wannan ƙyalli. Ba su nufi inda ido zai zaɓa ba. Sun bar wani fili mai faɗi, suka karkata zuwa inda duwatsu suka fi matsewa, ruwa yana kumfa. Mantau ya yi bisimilla ya bi su. Dutse ya goge gefen kwalekwalen dama da hagu, na ji ƙararsa a haƙorana. Mutanensa suna kafa gora a bayanmu. Sai kumfa ta ƙare, ruwa ya yi shuɗi mai zurfi, ƙyallin ya warwatsu kowanne ya kama gabansa. Mantau ya ajiye filafilinsa ya zauna.

A tashar babbar ƙasa ya shiga tambayar ɗan Iya Tamadi. Kafin in sami ayari an nuno masa shi a rumfar masu gishiri, da rai, har da mata da goyo. Na bar su rungume da juna na kama hanya.

Na isa Gangaren Maje da hantsi. Yarinyar tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, cikin ya yi ƙasa. Ta dube ni daga kai har ƙafa.

"Inna, kin yi baƙi," ta ce.

"Shiga ɗaki ki kwanta in gani."

Na wanke hannu, na ɗumama shi, na ɗora. Na daɗe ina saurare. A gicciye yake, kamar 'yan'uwansa, kansa a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Amma akwai wuri, kuma ba abin da ya riƙe shi ta inda zan bi. Na sa tafi ɗaya a kansa, ɗaya a ƙugunsa, na lallashe shi kaɗan kaɗan. Ya ƙi, na bar shi ya huta. Na sake. Sai na ji ya sulale ƙarƙashin hannuna, kai ya sauka inda ya kamata. Ta ja numfashi ta riƙe gefen gado, ba ta yi ƙara ba.

Naƙuda ta zo cikin makon. Ɗakin nan ne dai, gadon nan ne. Namiji ne, ya fito da kai, yana isowa ya buɗe baki. Na ji kukan jarirai fiye da yadda zan iya tunawa, a ɗakunan masu hali da na talakawa. A wannan ɗaki ban taɓa ji ba sai ran nan. Na yanke cibiya, na miƙa wa maƙwabciyarmu shi ta yi masa wanka, na fita bayan ɗaki inda ba mai ganina, na sa goshina a ƙasa.

Iyakar tafiyata ke nan, da tudunta da ruwanta. Wanda ya fitar da ƙanana daga rairayi ya nuna musu ƙofa, ya fitar da ni a bayansu, shi nake gode wa, safe da yamma.